Bambancin sanarwoyin mummunan yanayi a Amurka: yaushe ake shiri, yaushe ake gudu?

Sabon ɗalibi a Noman:

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da na iso garin Noman da ke jihar Oklahoma domin karatu, tare da mai ɗakina da yaranmu biyu. A makon jiya wayata ta nuna sanarwar mahaukaciyar guguwa, na kwashe iyali muka maƙale a banɗaki kusan sa'o'i biyu, daga baya maƙwabcina ya ce ba a kai ga wannan mataki ba. Ina roƙon waɗanda suka daɗe a ƙasar nan su fayyace mini kalmomin Turancin nan uku na sanarwar yanayi da ake kira “woc” da “wonin” da “adbaizari”, domin watan Mayu, lokacin da guguwar ta fi yawa a nan, yana tafe, kuma a hawa na uku muke zaune.

Tsohon mazaunin Tulsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, barka da zuwa. Abin da ka gani shi ne na farkon, “woc”, wato sanarwar zama cikin shiri. Ma'anarta ita ce yanayin sama ya haɗa duk abubuwan da kan haifar da guguwa, amma ba a ga guguwar ba tukuna. Cibiyar hasashen hadari ta ƙasa, wadda take a garinku na Noman, ita ke fitar da ita, takan ɗauki sa'o'i huɗu zuwa takwas, kuma takan shafi gundumomi da dama, wani lokaci har ta ƙetara zuwa wata jiha. A wannan lokaci ba a ɓuya. Ana caja wayoyi ne, a sa wa yara takalma, a tabbatar kowa ya san inda za a fake.

Na biyun, “wonin”, shi ne gargaɗi, kuma ofishin yanayi na yankinku ne ke bayar da shi idan an ga guguwar da ido ko na'urar hango hadari da ake kira rada ta nuna iska tana juyawa a cikin hadari. Yankinsa ƙarami ne, wa'adinsa bai cika kaiwa sa'a guda ba. Da zarar ya shigo, ku sauka zuwa hawan ƙasa, ku shiga ɗakin da ke tsakiyar gini wanda ba shi da taga, ku rufe kawunanku da katifa ko bargo. Banɗakin hawa na uku ba mafaka ba ne, saboda haka ka tambayi masu kula da gidan tun yau. Ka kuma riƙe sunan gundumarku, Kilibland, domin da shi za ka ji ana magana a talabijin.

Ma'aikaciyar jinya a Mizuri:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai akwai ɗabi'ar da muka zo da ita daga gida wadda take damuna ƙwarai. Mun saba idan hadari ya haɗo mu fita tsakar gida mu duba gabas, amma a nan guguwar takan zo a lulluɓe cikin ruwan sama ko cikin dare, ba ta ganuwa. A ranar 22 ga Mayun 2011 guguwa ta hallaka mutum 158 a garin Joflin na jiharmu, kuma binciken hukumar yanayi ya nuna cewa mutane da yawa sun ji jiniya amma suka tsaya neman ƙarin tabbaci kafin su fake. Ƙanena, kada kuma ka dogara da jiniyar, domin an kafa ta ne saboda waɗanda suke waje.

Na ukun kuwa, “adbaizari”, sanarwar hattara ce, ta yanayin da bai kai matakin gargaɗi ba, kamar hazo mai kauri ko santsin ƙanƙara a kan titi. Ana fita aiki, amma a rage gudu a mota.

Sabon ɗalibi a Noman:

Na gode, Malam, na gode, Yaya, Allah ya saka da alheri. Na je ofishin masu kula da gidan da safiyar nan, sun nuna mini ɗakin wanki da ke hawan ƙasa, kuma mun gwada sauka da yaran, ya ɗauke mu minti uku.