Neman Kalmar Hausa: Wane Suna Za Mu Ba Otizim a Takardun Hukuma?

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa masu aikin fassara. A makon jiya aka kawo mini wata takarda in mayar da ita Hausa domin wani shirin rediyo a nan Kaduna, a kan tanadin da ya kamata gwamnati ta yi wa yaran da ke da lalurar da Turawa ke kira otizim. Tun a layin farko na tsaya cak, domin ban samu sunan da hankalina ya kwanta da shi ba.

Kalmar da aka fi ji a kafofin yaɗa labarai ita ce galahanga. Matsalarta kuwa ita ce ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta. Ranar 21 ga Maris, ranar masu lalurar Dawun ta duniya, sai a ce galahanga. Ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa otizim a shekarar 2007, sai a sake cewa galahanga. Alhali lalurar Dawun tana samuwa ne daga ƙarin kwafi guda na ƙullin ƙwayoyin gado mai lamba 21, kuma sau da yawa ana ganin alamarta a fuskar jariri, shi kuwa otizim ba ya bayyana a fuska, sai dai a magana da cuɗanya da mutane da yadda yaro ke jin sauti ko taɓawa.

Akwai ɗan wata 'yar'uwata a Tudun Wada, mai shekara biyar. Zai jera murafan kwalba a dokin ƙofa daga ƙarami zuwa babba, kuma idan aka gusar da ɗaya sai ya yi ta kuka har a mayar da shi mazauninsa. Ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, amma da zarar maƙwabci ya tayar da janareta sai ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. Mahaifiyarsa ta ce mini, "Yaya, wasu sun ce kurma ne, wasu sun ce shafar aljanu ce, a makaranta kuma an ce galahanga, to ni wanne zan kama?" Ban iya ba ta amsa da Hausa ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Dalilin da ya sa nake ganin wannan magana ta shafi hukuma shi ne, ba a ƙidaya abin da ba shi da suna, kuma ba a ware masa kuɗi a kasafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa yin kiyasin cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da otizim. Ingila ta yi masa doka ta musamman a 2009. Amurka ta yi tata a 2006 da sunan yaƙi da otizim, amma da aka zo sabunta ta a 2014 sai aka cire kalmar yaƙi aka sa sunan da ke nuna kulawa, wato su ma sai da suka koma suka gyara harshensu. Mu a Najeriya muna da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, amma idan ma'aikacin lafiya a ƙauye ya rubuta galahanga a katin yara biyu masu lalura daban-daban, mai tsara horar da malamai ba zai san ko wane irin gwani ake buƙata ba, likitan da za a tura yaron wurinsa a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa kuma sai ya faro bincike daga tushe.

Asalin kalmar otizim daga Girkanci ne, ma'anarta "kai" (kamar a "shi kansa"), kuma likita Leo Kanner ne ya bayyana lalurar a 1943 bayan ya yi nazarin yara 11. Larabawa sun ce tawahhud, abin da ya sa wani abokin aikina ya kawo shawarar "lalurar kaɗaitaka". Ban karɓa ba, domin kaɗaici a Hausa yana nuna rashin abokin zama ne, yaron da na ambata kuwa yana tsakiyar gida cike da jama'a. "Taɓin hankali" ma ba na ko kallonsa.

Abin da na fi karkata gare shi shi ne "lalurar keɓewa", a riƙa haɗa ta da otizim a takardun hukuma har kunne ya saba, a bar wa lalurar Dawun galahanga ita kaɗai. Na zaɓi lalura a kan cuta da gangan, saboda da an ce cuta iyaye za su shiga neman maganin warkewa, su faɗa hannun masu ci da gumin wasu. Batun bambancin tsananinta tsakanin mutum da mutum kuwa, Hausa ta riga ta hutar da mu: lalurar hawa-hawa ce.

Ranar Alhamis zan miƙa takardar. Idan akwai wanda ya taɓa jin wata tsohuwar kalma a bakin dattawan Zazzau ko Birnin Gwari da ake kiran irin waɗannan yara da ita, wadda ba zagi ba ce, ina roƙon ya kawo ta kafin ranar.