Wanne zan fara da shi a cikin tsofaffin?

Zee Tudun Wada: Salam jama'ar gida. An ba mu hutu, ina so in gwada irin gem ɗin nan na Japan na soyayyar 'yan makaranta, amma tsofaffin nake so ba na yanzu ba. Laftof ɗina ta tsufa kuma ban iya Japananci ba. Wanne zan fara da shi don Allah?

Abba Kn: Clannad. Ba sai an ja magana ba.

Sadiq Gem: Tokimeki Memorial ne kakansu ai, Konami suka yi shi tun 1994 a na'urar gem ta PC Engine, da yawa bayansa suka biyo

Baffa M: Sadiq ka ji tsoron Allah, yarinya ta ce yanzu za ta fara ka tura ta Tokimeki? Ƙanwata ki saurare ni da kyau. Gem ɗin nan shekara uku cur na makarantar Kirameki za ki yi a ciki, kullum sai kin zaɓa ko karatu ko wasanni ko gyaran jiki ko hutu, in kika matsa wa yaron da kike bugawa da shi da yawa ya kwanta ciwo. Ni Shiori na sa a gaba, ita ce maƙwabciyarsa tun suna yara, kuma ita komai sai ya kai maƙura take kallon mutum, ilimi da kyau da ƙarfi duka. To matsalar ita ce da makinka ya hau sai wasu 'yan matan su riƙa fitowa suna gabatar da kansu ko kana so ko ba ka so, wacce ka share ba ka fita da ita ba sai bam ya bayyana a gefen sunanta, in ya fashe ta ɓata ka a wajen sauran gaba ɗaya. Ranar hutu kuma abu ɗaya kawai za ka iya yi, haka na ƙare ina kiran Yoshio abokin yaron a waya ina tambayarsa wa ke fushi da ni, ina ta lallashin waɗanda ba su nake so ba. Ana dab da gamawa bam biyu suka tashi a jere, ranar yaye ɗalibai ko inuwar bishiyar nan da ake furta soyayya a ƙarƙashinta ban gani ba. Wallahi abin ya yi min ciwo sosai, na daɗe ban ƙara buɗe shi ba. Gem ne mai kyau, har yau ina ganin girmansa, amma sabon shiga zai iya tsanar harkar baki ɗaya saboda shi.

Sadiq Gem: hhh Baffa har yanzu bai huce da Shiori ba

Baffa M: Yarinyar da za ka ce ku tafi gida tare ta ce tana jin kunya kar ƙawaye su yi ta gulma? Ina zan huce

Ummi Zinder: Kuma shi Tokimeki ai ba na karatu ba ne sosai, lissafin maki ya fi yawa. Zee labari take nema ko ba haka ba?

Sadiq Gem: duk jirgi ɗaya ya ɗebo su Anti

Ummi Zinder: A'a ba ɗaya ba ne. Wanda ake karantawa kamar littafi a makaranta To Heart ne ya buɗe masa hanya a 1997, na kamfanin Leaf, sai kamfanin Key suka zo da Kanon a 1999. Tokimeki kai ke tsara jadawali, waɗannan kuwa karatu ne da zaɓi jefi-jefi.

Zee Tudun Wada: eh Anti labarin nake so. Amma akwai na Turanci?

Abba Kn: Clannad yana Steam, shagon gem na intanet, da Turanci tun 2015, har da ɗan ƙamus a ciki mai bayanin al'adunsu in kika ga kalmar da ba ki gane ba. Hotuna ne da rubutu da murya, tsohuwar laftof ma za ta ja shi.

Sadiq Gem: Tokimeki ma masoya sun fassara na Super Famicom a 2022, sai dai shi babu murya

Malam Nura: Abu ɗaya zan ƙara tunda akwai ƙanana a zauren nan. Kanon da To Heart fitowarsu ta farko a kwamfuta na manya ne, daga baya aka fitar da waɗanda aka tsaftace. Don haka kar a je ana kwaso fayil a ko'ina ba a san wanne ba ne. Clannad kuwa tun fitowarsa a 2004 babu wannan a ciki, shi ya sa na fi sakin jiki da shi.

Hafsy: ki yi Doki Doki kyauta ne

Ummi Zinder: Hafsat ba kyau. Zee kar ki biye mata, wannan 'yan Amurka ne suka yi shi a 2017 kuma na ban tsoro ne, fuskar soyayya kawai aka sa masa. Akwai kisan kai a ciki, su kansu sun rubuta gargaɗi a farko.

Hafsy: tuba nake Anti 😂

Abba Kn: Zee in kin fara Clannad ki riƙa sebin a duk inda zaɓi ya fito, kowanne a gurbinsa daban. Kuma kar ki gama labarin Nagisa, babbar jarumar, ki ce kin gama, sai kin bi na sauran kin tattara hasken nan da ake samu a ƙarshen kowanne sannan kashi na biyu, After Story, zai buɗe, can ne ainihin abin yake, aure da neman abinci da maganar jarumin, Tomoya, da mahaifinsa. Ya fi awa 50 in za ki karanta duka, ki yi a hankali.

Baffa M: maganar uban nan ita ta fi taɓa ni fiye da soyayyar ma

Hafsy: ni dai Kyou ce tawa, Nagisa ta cika sanyi

Abba Kn: Kyou da ta shiga tsakanin ƙanwarta Ryou da saurayi?

Hafsy: ita ta fara sonsa ta danne saboda Ryou, ka koma ka karanta da kyau malam

Malam Nura: Ku daina fasa mata labari mana, ba ta ko fara ba

Sadiq Gem: ni har yanzu ina kan bakana, wanda bai ji zafin bam ba bai san daɗin a furta masa a ƙarƙashin bishiya ba

Zee Tudun Wada: to na riga na kalli katun ɗin na Kyoto Animation rabi, zai ɓata min?

Ummi Zinder: Ba zai ɓata ba, katun ɗin hanyar Nagisa ya bi ya gutsuro na sauran. Na Tomoyo da na Kyou a gem ɗin sun fi cika nesa ba kusa ba.

Hafsy: ka ji ko Abba

Abba Kn: cewa ta yi ya fi cika, ba ta ce Kyou ta yi daidai ba