Kafin zuwan asibiti, ya ake riƙon masu taɓin hankali a gida?

Maman Ilham:
Salam jama'a. Don Allah masu ilimin tarihi ku taimaka min, da can kafin a samu asibitocin ƙwaƙwalwa irin su Dawanau da Kware ya mutane suke yi da ɗan uwansu in ya samu taɓin hankali? Ƙanin mijina muke jinya a gida, wasu na cewa mu kai shi a kwantar wasu na cewa gida ya fi, ni dai kaina ya ɗaure.

Abu Sadik:
Wa alaikissalam Maman Ilham, Allah ba shi lafiya. A wajenmu gida ne da malam, rubutu da hayaƙi da tofi, wasu kuma bori. Wanda ba ya duka ana barinsa cikin mutane ya ci ya sha, mai duka kuwa turu ake sa shi ko mari a ƙafa a ɗakin baya, ƙafar har ta yi gyambo. Wannan kam abin tausayi ne wlh, kuma har yau bai ƙare ba.

Hauwa Nas:
Akwai wani gari a Beljiyam, Geel, tun ɗaruruwan shekaru ake kawo marasa lafiyar wata coci neman waraka, da ɗakin cocin ya cika sai mutanen gari suka riƙa karɓarsu a gidajensu, a ci abinci tare a je gona tare, wani ya shekara talatin a gida ɗaya har yaran gidan su tashi suna ganinsa kamar kawunsu. A shekarun 1930 sun haura 3,000 a garin. Amma fa ku lura, daga 1850 gwamnati ta shigo, ana biyan masu riƙon, likita na zagayawa, in ciwon ya tashi a kai shi asibiti ya lafa a dawo da shi.

Malam Ɗanjuma:
Mu ma an yi a Najeriya ai. Dakta Thomas Lambo a Aro, Abeokuta, 1954, ya kama wa marasa lafiya haya a ƙauyukan kusa da asibiti, kowa da ɗan uwansa mai kula da shi, da rana a zo a karɓi magani, har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Hajiya in ba ya duka ku riƙe shi a gida amma kar a yanke zuwa wajen likita, kuma kar a bar miki jinyar ke kaɗai.

Maman Ilham:
Na gode sosai, Allah saka. Ba ya duka, barci ne dai ba ya yi. Litinin in Allah ya kai mu yayansa zai kai shi a duba maganin.