Muhawara: da gaske ne ciwon daji ba ya kama mai ƙarfin garkuwar jiki?

Mai gabatarwa: Ga maganar da ke yawo: "Ciwon daji ba ya kama mutum sai garkuwar jikinsa ta yi rauni, saboda haka ƙarfafa garkuwa shi ne magani." Masana, bismillah.

Malamar ilimin garkuwar jiki: Rabin maganar gaskiya ne, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya wuyar sha'ani. Matsalar gani ce kafin ta zama ta ƙarfi. Kowace ƙwayar halitta mai cibiya tana yayyanka furotin ɗin da ke cikinta, ta fito da guntaye masu amino asid 8 zuwa 10, ta ɗora su a kan wani furotin na samanta mai suna HLA. Ƙwayar T mai kisa, ɗaya daga cikin sojojin garkuwar jiki, tana da risefta, wato wani makami a samanta, da ke lalube waɗannan guntaye. In ta ci karo da guntun da maye gurbi, wato kuskure a DNA, ya sauya, sai ta huda ƙwayar da furotin fafforin, ta zuba mata wani furotin mai kisa, giranzayim, ta mutu. Ƙarin da ya yi girma har aka gan shi a hoto, yawanci wanda ya tsere wa wannan binciken ne. Mai shi kuwa garkuwarsa na iya kasancewa garau a kan kowace cuta.

Likitan ciwon daji: Malama, ni ban yarda sintirin ya kai yadda kuke koyarwa ba. Dubi waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, suna shan magungunan danne garkuwa shekara da shekaru. Wane daji ne ke ƙaruwa a cikinsu? Na fata, na Kaposi mai fitowa da tabo a fata, da limfoma, wato dajin ƙwayoyin garkuwa. Masu HIV ma haka: Kaposi, limfoma, da na bakin mahaifa. Mafi yawansu bairos ne ke haddasa su. Dajin nono da na mafitsarar maza, wato furostet, ba sa ƙaruwa. In da ƙwayoyin T ke tare kowane daji, da waɗannan ma sun yi tashin gwauron zabo. Tun 1974 Osias Stutman ya nuna ɓerayen da ba su da ƙwayoyin T ba su fi sauran kamuwa da ƙari ba.

Malamar ilimin garkuwar jiki: Dakta, ɓerayen Stutman suna da ƙwayoyin NK cif, wato wani rukunin ƙwayoyin garkuwa masu kisa. Su waɗannan aikinsu akasin na T ne. Suna da risefta irin su KIR da ke hana su kisa muddin sun taɓa HLA. Idan ƙari ya janye HLA don ya ɓuya wa ƙwayar T, ya tona kansa a wurin NK. Klas Kärre ne ya kawo wannan bayani. Suna kuma da NKG2D, mai kama furotin MICA da ƙwayar da ta shiga matsi ke fitarwa. A 2001 Robert Schreiber da abokan aikinsa suka sake gwajin da ɓerayen da aka cire wa garkuwa da gaske, kuma suka fi kamuwa. Abin da ya fi jan hankali: da aka dasa ƙarin waɗannan ɓeraye a jikin lafiyayyu, kusan kashi 40 cikin ɗari jiki ya hallaka su, amma ƙarin da ya taso a jikin lafiyayyu duk ya kama. Ke nan garkuwa ta riga ta tace shi, sai mai iya ɓuya ya rage.

Likitan ciwon daji: Ɓera dai ɓera ne, kuma sinadari mai haddasa daji aka yi musu allura da shi.

Likitan gwajin tsoka: To ga na mutum, Dakta. A 2003 an ba da rahoto daga Sikotilan: mutum biyu sun karɓi ƙoda daga wata mata da aka cire wa dajin fata na melanoma shekara 16 kafin rasuwarta, ana ganin ta warke. Dukansu suka kamu da melanomar. Ƙwayoyin suna nan kwance a ƙodar duk tsawon lokacin, garkuwarta na danne su. Babu bairos a wannan.

Amma kai ma kana da hujja a limfomar Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙin yara a yankunan da maleriya ta yi katutu, har da Najeriya. Denis Burkitt ya bayyana ta a Uganda a 1958, aka gano bairos ɗin EBV a cikinta a 1964. Maleriya mai yawan dawowa tana sa ƙwayoyin B, wato ƙwayoyin garkuwar da bairos ɗin ke zama a cikinsu, su yi ta hayayyafa, tana kuma raunana ƙwayoyin T masu tsare bairos ɗin. Sai dai da zarar ƙarin ya kafu, furotin ɗaya tak na bairos ɗin yake nunawa, EBNA1, wanda ke da wuyar yankawa a ɗora a kan HLA. Ko ka dawo wa yaron da garkuwarsa, ba abin da za ta gani. Kimoterafi ne maganinsa, kuma da gaggawa, don cikin kwana ɗaya zuwa biyu ƙwayoyin ke ninkawa.

Mai harhaɗa magunguna: Ni rabin maganar na biyu ne ke damuna. Babu wani jiƙo ko ƙwayar bitamin da aka tabbatar tana sa ƙwayar T ta ga ƙari. Magungunan da ke aiki birki suke cirewa. Ƙwayar T na da birki biyu da aka fi sani, CTLA-4 da PD-1, kuma a kansu James Allison da Tasuku Honjo suka sami kyautar Nobel a 2018. Ƙari yana fitar da wani furotin mai suna PD-L1, ya taka birkin PD-1, ƙwayar T ta yi lakwas tana kallonsa. Maganin pembrolizumab yana toshe PD-1, ana ba da miligiram 200 ta jijiya duk mako uku. Birkin kuwa ba don ado yake ba. In aka cire shi, garkuwa na iya afka wa hanji, huhu, hanta ko tayiroid da ke wuya. Gudawa mai tsanani a mai shan wannan magani ba ta jira: a dakatar da shi, a ba da firednisolon miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilo na nauyin jiki. Mai dashen ƙoda kuwa yana iya rasa ƙodar.

Likitan ciwon daji: Malam, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. A dajin hanji da ya bazu, wajen kashi 5 cikin ɗari ne kawai ke da lalacewar gyaran DNA da ke tara maye gurbi masu yawa, su ne ke amsawa. Sauran shiru. Dajin fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin, kusan ba ya motsi.

Malamar ilimin garkuwar jiki: Wannan ai hujjata ce, Dakta. Inda maye gurbi ya yi yawa, guntayen baƙi sun yi yawa, risefta ta sami abin kamawa. Shi ya sa a 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da pembrolizumab ga duk ƙarin da ke da wannan lalacewa, ko a wace gaɓa yake. Wasu da suka amsa sannan cutar ta dawo, an tarar ƙarin ya zubar da beta-2 maikurogulobulin, wanda in babu shi HLA ba ya fitowa sama.

Likitan ciwon daji: In haka ne, ina NK ɗinki? Kin ce wanda ya janye HLA ya tona kansa.

Malamar ilimin garkuwar jiki: Tambaya ce mai kyau, kuma amsar ba ta cika ba. Wasu ƙari suna yanke MICA daga samansu ya bi jini, ya toshe NKG2D tun kafin ƙwayar ta iso. Wasu suna barin HLA-E, wanda ke taɓa wani birkin NK mai suna NKG2A. Kuma ƙwayoyin NK ba su cika kutsawa cikin ƙari mai tauri ba.

Likitan gwajin tsoka: Shi ya sa kafin a sayi maganin, a nemi a gwada tsokar da aka yanko: PD-L1, da furotin huɗu na gyaran DNA, wato MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2. Tsokar ta shiga fomalin nan take bayan an yanko ta, ta yi awa 6 zuwa 72 a ciki. In ta jima a waje, rinin da ake gwajin da shi ba ya kamawa, sai sakamako ya ce babu alhali akwai.