Littafi ɗaya, yara sun haura 80, ya zan yi?

Malamar Aji 4:
Salam 'yan uwa malamai, dan Allah shawara nake nema. Ƙanwata ce ta kawo min wani littafin dabbobi na yara mai hotuna kala, ba tatsuniya ba ne, bayani ne na gaske. Ran Talata na buɗe musu shafin raƙumin dawa na ce ƙashin wuyansa 7 ne kacal daidai da na mutum, wallahi ajin da kullum sai na yi ta dukan tebur ya yi tsit, wani yaro har yana shafa ƙeyarsa wai ƙirgawa yake. Matsalar na baya ba sa hangowa, ga shi da Turanci aka rubuta.

Ɗan Kurna:
Malama kar ki yi fotokofi, hoton baƙi ƙirin zai fito, asarar kuɗi kawai. Ni tambayar nake fara rubutawa a allo su yi ta canka, sai musu ya yi zafi sannan littafin ya zagaya layi layi, monita ke riƙewa. Turancin kuma ki fassara abinki da baki.

Baban Gwale:
Ni abin da ke min ciwo, littattafan nan duk ƙanƙara ce da dabbobin Turai. Yaro a Kano ya san dusar ƙanƙara amma bai san Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi ba. Bara na kai yaran ajina marinar Ƙofar Mata, suka ga an tsamo zane daga rijiyar baba da ɗan kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi a gaban idonsu, to da muka dawo kowa ya zana ya rubuta layi uku muka ɗinke da zare, ya zama littafin ajinmu. Har yanzu rigima suke a kansa.

Anti Zee:
Baba ku dai kun ji daɗi. Mu kuɗin mota kawai ka ce a kawo sai iyaye sun zo ofishin hedimasta, ga masu duba makarantu su sikim, wato jadawalin darussan da aka tsara a koyar, kawai suke tambaya.

Malamar Aji 4:
Na gode ƙwarai. Anti ai darasin dabbobi na cikin sikim, nan zan cusa shi. Baba wane irin zare kuka sa, na ɗinkin buhu?