Jar kwalbar da Auta ya kawo gidan Goggo

Auta: Assalamu alaikum. Tunda maganar ko giya ce na kawo gidan Goggo ta ƙi mutuwa tun daren jiya, bari in faɗi tawa kowa ya ji. Kwalbar da na kawo shan ruwa ruwan jan inabi ne mai gas, a kantin unguwarmu nan Jidda na saye ta, a jere da lemo da madara. An hana sayar wa jama'a giya a nan Saudiyya tun 1952, wa zai ajiye ta a fili? Kuma cikin jajayen abin sha huɗu da aka jera jiya, ita na ba na ɗaya. Zaƙinta bai yi yawa ba, tana da ɗan bauri irin na ɓawon inabi da ke kama harshe. Zoɓon Goggo na biyu, subiya, abin shan nan na sha'ir ko burodi da ake yi da azumi, na uku, Vimto na huɗu.

Goggo: Wa alaikumus salam. Auta, ni ban ce ka kawo haram gidana ba. Abin da na gani shi ya dame ni. Kwalba mai dogon wuya, an naɗe bakinta da takardar zinare, ka girgiza ta, marfin ya yi tsalle ya bugi silin, kumfa ta zubo a kan leda, jikokina suka hau tafi. Ƙaramar ta ɗaga kofi sama tana cewa a buga. A ina ta koya? Wannan siffar ta masu shan giya ce, ko da ruwan Zamzam aka zuba a ciki.

Yaya Babba: Ku bar ni in raba abu biyu da ake haɗawa. Akwai ruwan inabi da aka matse, aka dafa shi kaɗan don kada ya tsima, aka sa masa gas. Wannan bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma wanda aka bar shi ya tsima har ya zama giya sosai, sannan aka cire barasar, ko ta hanyar dumama shi a tukunyar da aka zuƙe wa iska, ko ta tace shi. Irin wannan a ƙasashe da yawa ana rubuta masa "babu barasa" alhali saura ya kai kashi 0.5 cikin 100. Kwalabensu iri ɗaya ne, takardar jiki ce kawai ke bambanta su. Auta, ka karanta taka?

Baffa: Madalla da wannan bayani. Hadisi ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Ma'aunin ke nan, ba launi ba, ba kwalba ba. Kuma ya tabbata a Sahihu Muslim daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha a ranar, da washegari, har yammacin rana ta uku, sannan a ba wani ko a zubar. Ruwan inabi dai ba baƙo ba ne a Musulunci. Wanda aka fara mai da shi giya kafin a cire barasar, malamai sun yi saɓani a kansa, ni kuwa ba na kai shi bakina.

Anti Amarya: Baffa, a gafarce ni, amma in tsimi ake tsoro, subiya ya kamata mu fara dubawa. Daga sha'ir ko burodi ake jiƙa ta a bar ta ta ɗan yi tsami, shi ne daɗinta. Ku bar ledarta a waje kwana biyu da zafin nan, za ku ga ta kumbura kamar za ta fashe. Duk azumi muna bin layi muna saye, fara da ja, babu mai cewa uffan saboda mun saba da ita. Kunun zaƙinmu ma in ya kwana haka yake.

Goggo: Shi ya sa ba ta kwana a gidana, 'yata. Wadda ta rage bayan sahur zubarwa nake yi.

Yaya Babba: Ni abin da ya ba ni haushi a lissafin Auta shi ne Vimto a na huɗu. Abin da tun muna yara in an ga kwalabensa sun cika kanti an san watan ya kama! A Manchester ta Ingila aka fara yin sa a 1908, da ruwan inabi da wasu 'ya'yan itatuwa, yanzu a Dammam ake yin namu. Ka cika shi da yawa ne a jug, shi kuwa ruwa yake so da ƙanƙara.

Anti Amarya: Zoɓon ne aka zalunta. Na Kurdufan ne aka kawo wa Goggo daga Sudan, jiƙa shi ta yi a ruwan sanyi tun hantsi, ba ta tafasa ba, shi ya sa babu ɗaci. Da citta da kanumfari. Kuɗin kwalbar nan ɗaya zai yi mana zoɓon kwanaki.

Auta: Yaya, na ɗauko ta daga shara na karanta. An rubuta ruwan inabi, da ruwa, da gas, babu maganar cire barasa ko ɗaya. Na farkon da ka faɗa ne. Goggo, ki yi haƙuri da girgizawar da na yi a gaban yara, wannan kam ban kyauta ba. Amma ban janye ba, ita ce na ɗaya.

Baffa: Ni na gamsu da halaccinta. Sai dai maganar 'yar'uwata tana nan daram, yaro da ido yake koyo.

Goggo: To, in za ka sake kawowa, ka wuce da ita kicin, ka buɗe a hankali, ka juye a jug ɗina mai marfi, kwalbar kuma ka fita da abarka. Gobe zan jiƙa zoɓo tun da asuba, a jera su biyu, Baffanku ya ɗanɗana ba tare da an gaya masa wanne ne wanne ba.