Tsaron Na'urorin Wi-Fi a Ofis

A wata tattaunawa da aka yi kan tsaron na'urorin Wi-Fi a ofis, mahalarta sun yi ittifaƙi cewa matakin farko shi ne sauya kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita, sannan a bar WEP, tsohon tsarin kulle Wi-Fi wanda aka daɗe da karya shi, a koma sababbin tsare-tsaren, wato WPA2 ko WPA3. Sun fi jan magana kan ramukan da ake soka wayar haɗa kwamfuta da cibiyar sadarwa: wanda ba a amfani da shi a rufe shi, sauran kuma a ɗora musu tsarin tantancewa na 802.1X, ta yadda sai sabar RADIUS, wato kwamfutar da ke duba izinin shiga, ta tantance mutum kafin a buɗe masa hanya. Dogara ga tace adireshin MAC kaɗai, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke ɗauke da ita, a ganina, aikin jeka-na-yi-ka ne, tunda ana iya kwaikwayonsa cikin sauƙi. An kuma ce a kashe Telnet, hanyar sarrafa na'ura daga nesa da ba ta ɓoye bayanai, a riƙa shiga ta SSH, wadda ke ɓoye su.